Yadda Muka Bi Kadin Karatun 'Ya'yanmu a Firamaren Gwamnati

Ƙorafin baki ba ya gyara makaranta. A unguwarmu cikin birnin Kano mun daɗe muna cewa firamarenmu ta lalace, ba a taɓa jin mu ba sai da muka koma ƙidaya da rubutu.

Ƙidayar ma da yadda ake yin ta. Kada a dogara da rajista, domin tana ɗauke da sunayen yaran da suka bar zuwa tun bara. Mukan tura mutum biyu, da izinin hedimasta, su ƙirga kawunan yara aji-aji da safe, su sake ƙirgawa bayan an dawo daga tara. Bambancin lambobin nan biyu shi ke nuna yaran da suke sulalewa gida ko talla. Sai a ƙirga bencin da yake zaunuwa, yaro uku a kan kowane, a ga nawa ne ke zaune a ƙasa. A ƙirga malaman da suke cikin aji da alli a hannu, a kwatanta da jerin sunayen da ke ofis. A duba bandaki nawa ke aiki, kuma ko 'yan mata suna da nasu daban. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Idan ka rubuta wannan lamba kusa da ta ajin da ya haura ɗari, ba ka bukatar dogon bayani.

Abin da ya fi gini muhimmanci, a ganina, shi ne gwajin karatu, kuma shi iyaye suka fi tsallakewa. A ɗauki yara goma daga aji huɗu. Kada malami ya zaɓa, don zai kawo zaƙaƙurai. A bi layi a ɗauki kowane na biyar. A ba yaro layi biyar na Hausa mai sauƙi ya karanta a fili, a tambaye shi abin da ya fahimta, sannan a ba shi lissafin ɗebewa mai aro guda biyu. Ba a rubuta sunan yaro, ba a yi masa tsawa. Za ka ga yaro mai tsaf, littafinsa cike da rubutun da ya kwafa daga allo, ya sa yatsa a kan kalmar farko ya tsaya cak. Uban da ya ga wannan da idonsa ba ya sake cewa fenti ne matsalar makaranta.

Daga nan sai neman ƙofar shiga. Ƙungiyar iyaye da malamai daban take da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC. Kwamitin ya haɗa hedimasta, wakilin malamai, wakilan iyaye maza da mata, mai unguwa ko wakilinsa, malamin addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a da wakilan yara su kansu, kuma shi hukuma ta sani wajen tsara ci gaban makaranta. A wurare da yawa sunansa ne kawai a takarda. Ku nemi jerin mambobi da littafin bayanan zama. In an shekara ba a zauna ba, ku nemi a farfaɗo da shi ku shiga. Lokacin zama kuma ya zama tsakanin Azahar da La'asar, a harabar makaranta. In aka sa shi da dare a ƙofar masallaci, mata ba za su zo ba, alhali su ne suka san gidan da yarinya ta daina zuwa da dalilin dainawar.

Takardar koke shafi ɗaya ce, bukatu uku kacal, kowacce da lambarta. Mun raba su gida biyu. Akwai wanda ba ya cin kuɗi: turo malami daga makarantar da suka yi yawa, raba aji gida biyu, gyara jadawali. Irin wannan, Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma yana iya yin sa. Akwai kuma gini, rufi da rijiyar burtsatse, waɗanda sai an kai ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, jiha kuma sai ta zuba nata daidai da abin da za ta karɓa, sannan a yi aikin da aka jera cikin tsarin ayyuka. Saboda haka makarantar da sunanta bai shiga jerin ba sai ta jira wani zagayen. Gwamna yakan gabatar da kasafi wajen ƙarshen shekara, don haka takarda ta isa tun damina, kwafi ɗaya kuma ya je hannun ɗan majalisar jiha na mazaɓarku.

Shugaban kwamiti da mai unguwa su sa hannu, a haɗa hotuna. A tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Takardar da ba ta da wannan shaida, ranar da aka ce ba a gan ta ba, ba ku da ta cewa. Mutum biyun da suka kai ta su ne za su riƙa leƙawa duk mako biyu, don a saba da fuskarsu.

Abubuwan da ke ɓata tafiya sanannu ne. Na farko tsallake hedimasta. Shi ma ma'aikaci ne mai tsoron takardar tuhuma. In ya ji labarin kokenku daga sama, ya ɗauke ku abokan gaba ke nan. A karanta masa takardar kafin ta fita, a ce, "Malam, duba mana ko akwai gyara." Sau da yawa shi zai nuna muku teburin da ya kamata ta sauka. Na biyu siyasa: da zarar an ga hular jam'iyya a kan shugaban kwamiti, rabin iyaye sun janye. Na uku gaggawar zuwa gidan rediyo. Yana da tasiri, amma yakan ƙare da sauya wa malami wurin aiki, ajin kuma yana nan yadda yake. A bar shi sai an bi matakan nan an ji shiru.

Sai kuɗi. Doka ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, don haka duk karo-karon da za a yi don gyaran benci ko sayen alli ya zama na ganin dama, kada a kori yaro ko ɗaya saboda ubansa bai bayar ba. Kafintan unguwa yakan yi gyaran da rangwame in ɗansa na ciki. A manna rasit da lissafi a bangon ofis kowa ya gani. A kuma sa ido kan katanga da filin wasa, a nemi takardar iyakar filin a ajiye kwafi, tun kafin a wayi gari a ga an fara haƙa harsashin shago.

Gwajin karatun nan mukan maimaita shi ƙarshen kowane zango, da sabon rubutu da wasu yaran, mu ajiye sakamakon a littafin kwamiti kusa da na zangon baya.