Mun fara sabawa da zaman Jamus

Masu tambayar yadda iyali suke tun da muka zo nan a ƙarƙashin shirin musayar malamai, na gode ƙwarai. Kowa lafiya lau, alhamdulillahi.

Da farko takardu ne suka sha mana kai. Doka ce duk wanda ya tare a gida ya yi rajistar adireshinsa a ofishin hukumar gari cikin kwana 14, kuma takardar shaidar rajistar ce ake ta nema a wurare da dama.

A makaranta maki a juye yake: 1 ne kan gaba, 6 kuwa faɗuwa ce. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce bai gamsu ba, sai ka kawo hujja. Wallahi yana sa malami ya zage damtse.

Autarmu a farko riƙe hannun mamanta take yi gam a ƙofar aji, idanu cike da ƙwalla. Yanzu ita ke karanta mana allon tashar jirgin ƙasa, har tana gyara mini lafazi.

Amma maganar gaskiya, maiɗakina ce ta fi kowa ɗaukar nauyin tafiyar nan. Ta ajiye aikinta ta biyo mu, tana wuni ita kaɗai, ga sanyi, ga rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 a Disamba. Ni ina da abokan aiki, yara na da aji, ita fa? Yanzu ta shiga ajin koyon Jamusanci, har ta yi ƙawaye. Ku sa ta a addu'a.