Na Je Kallon Sukuwa a Maraɗi

Da hantsi muka bar Katsina, muka bi ta Jibiya, aka duba takardunmu a Ɗan Isa, kafin la'asar muna Maraɗi. Sukuwa ce ta kai ni. Kawuna, wanda doki ya ci masa rai tun yana saurayi, bai bari na huta ba sai da ya kai ni barga. Akawal ɗaya, kili biyu, an zuba musu harawa, ga gero da kanwa a gefe. Yaran da ke hawansu 'yan sirara ne, don kada nauyi ya rage wa doki gudu.

Washegari a bakin filin sukuwa na zauna kusa da wani dattijo. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yaushe aka fara sukuwa a nan?"

Ya ce, "Ɗana, filin ne yaro. Doki ya girme shi nesa ba kusa ba."

Gaskiya ya faɗa, domin a bayan doki aka kafa Maraɗi. Da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a nan wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Daga nan baraden Sarki Ɗan Baskore, daga baya na Ƙaura Hasau, suke ɗaura sirdi su kai hari kudu, Gobirawan Tsibiri na tare da su a yaƙe-yaƙe da dama. A wancan zamani gudun doki ba wasa ba ne, shi ke raba mai komawa gida da wanda za a bari a daji. Da Faransawa suka zo aka ajiye mashi da lifidi, amma ba a kwance linzami ba. Gudun ya koma na Sallah da na gwada ingarma.

Abin da Turawa suka ƙara shi ne kewayayyen fili, nisan da aka auna, da alƙalai. A Legas tun 1859 aka ware irin wannan fili, can inda aka yi bikin 'yancin Najeriya a 1960. Maraɗi kuwa ko garin da muke ciki sabo ne, sai bayan ambaliyar gulbi ta 1945 aka hauro da shi kan tudu. Yana yi mini ciwo in ji matasa na ɗaukar sukuwa a matsayin abin da Nasara ya koya mana.

Ana sakin dawakin hira ta mutu. Ƙura ta tashi, makaɗa suka ɗauka, dattijon nan ya miƙe ba sanda yana kiran sunan dokin unguwarsu. Akawal ɗin kawu ya zo na uku, aka kewaya da shi yana huci, gumi na zuba. Tun a filin kawu ya fara lissafin geron da zai ƙara masa kafin sukuwa ta gaba.