Ni Na Rubuta Takardar

Daren Talatar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanena ya faɗo zauren gidana ko sallamar kirki bai yi ba. Ya zauna a bakin tabarma, ido jajur, yatsa na ta rawa a kan waya. Shekararsa 27, aurensa bai cika wata 10 ba. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Baffa, yau zan rabu da yarinyar nan, na gaji da raini." Ya juyo mini da wayar: dogon saƙo ne a WhatsApp, baƙaƙen maganganu tun daga sama har ƙasa. Ya ce saura layi ɗaya, na sakin. Laifinta, ya kira ta sau huɗu ba ta ɗaga ba, da ya dawo ya yi faɗa ta mayar masa da magana a gaban ƙanwarsa.

Na fizge wayar na jefa a aljihu. Jikina ne ya ɗauki rawa, domin na san idon nan. Da irinsa na shiga gida a shekarar 1994.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna daminar shekarar. Ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki tun watan Yuli kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, aka yi makonni babu fetur babu kananzir. Lokacin ne mata suka koma girki da garin katako, a murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha. Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, ciniki ya tsaya, bashi ya hau kaina. Ranar na wuni a layin mai da babur ɗina tun hantsi har magariba, aka rufe famfo saura mutum kaɗan a zo kaina. Na turo babur da ƙafa har gida. Na tarar ba a ɗora tukunya ba, 'yarmu ta fari tana ta kuka. Na tambayi matata, ta ce risho ba ya ci da ruwa. Na ce ba ta da tattali. Ta ce, "Malam, in riƙon gidan ya fi ƙarfinka ka faɗa."

Har gobe ina cewa maganar nan ba ta dace ba. Mutumin da ya wuni a rana, bai karya ba, ba irin tarbar da ta kamace shi ba ke nan. Kuma ba ranar ta fara ba, bakinta yana da kaifi, kowa a gidansu ya sani. Na daɗe ina haɗiyewa. In na zauna ina lissafi nakan ce ko waye a matsayina abin da zai yi ke nan.

To amma ga abin da na yi. Na shiga ɗaki, na lalubo ashana na kunna aci-balbal, na nemo littafin da nake rubuta bashi, na yago takarda daga tsakiya don kada ta yage a karkace. Biron farko ya ƙi rubutu, na nemo wani. Na rubuta sunanta da na mahaifinta, na rubuta saki uku, na sa kwanan wata, na sa hannu. Duk wannan ya ɗauki minti goma ko fiye. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane wai idona ne ya rufe, sharrin shaiɗan ne, zama ne ya ƙare. Wata gwaggona ma ta ce asiri aka yi mana, na karɓa hannu bibbiyu don ya fi mini sauƙi. Wanda idonsa ya rufe ba ya canza biro.

Kafin asuba na huce. Da gari ya waye na fara zagayen malamai. Na farko ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, saki uku a kalma ɗaya uku ne, babu kome sai ta auri wani mijin aure na gaskiya, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 230. Na biyu ya ce akwai malamai irin su Ibnu Taimiyya da suke ƙirga shi ɗaya. Na maƙale wa wannan fatawar kamar mai nutsewa, amma mahaifinta ya ce shi bai san wannan ba, 'yarsa ba za ta koma zaman shubuha ba. Wani aboki ya kawo shawarar auren kashe wuta, malamin farko ya ce mini Annabi (SAW) ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa. Da na dage cewa cikin fushi na yi, sai dattijon ya tambaye ni, "Lokacin da kake rubutun, ka san wace ce ita? Ka san abin da kake rubutawa?" Na ce na sani. Ya ce, "To wa ya taɓa sakin matarsa yana dariya?"

Ta gama idda, bayan shekara ɗaya ta yi aure. 'Yar tamu ta koma hannun kakarta ta wajen uwa. Ina aika kuɗin makaranta da kayan sallah, ban taɓa fashi ba, wannan kam Allah ne shaida. Amma ranar ɗaurin aurenta na zauna cikin jama'a ana ta yi wa mijin uwarta barka. Shi ya san ranar da ta yi zazzaɓi, shi ya san ranar da ta sauke Alƙur'ani. In ta zo gaishe ni har yau durƙusawa take daga bakin ƙofa, ta gaishe ni da ladabi irin na baƙo. Na yi wani auren, Allah ya ba ni zuri'a, ina godiya. Wataƙila ma da mun zauna da ba mu daɗe ba, halinmu bai zo ɗaya ba. Haka nake faɗa wa kaina. Wani daren in yarda, wani daren in kasa barci.

Na yi niyyar jero wa matasa shawarwari masu yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa.

In ranka ya ɓaci, hana hannunka aiki. Ni sai da na nemi ashana da takarda da biro, kowanne dama ce Allah ya ba ni in tsaya, na tsallake. Ku ko wannan ba ku da shi, takardar da biron da ɗan aiken duk suna aljihunku. Kuma ku sani malamai sun ce wanda ya rubuta saki da ƙudurin zartarwa, yana iya aukuwa tun kafin saƙon ya isa. Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu, komai sai an yi shi yanzu-yanzu. A yi faɗa da mata, kafin a sha ruwa an sa a sitatus, an tura muryar zagi ta minti biyar, duniya ta ji. Kowa "ni ba a taɓa ni". Yaron da bai taɓa ciyar da akuya ta shekara ba, shi ne mai zancen raini. Kun haddace hadisi na 16 a Arba'una tun kuna Islamiyya, mutumin da ya nemi wasiyya aka ce masa kada ka yi fushi, ya sake tambaya aka sake maimaita masa. Kun san an ce in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Ni ma na sani a 1994, a tsaye na rubuta takardar.

Ka bar gidan, ka kwana wani wuri in ta kama. Amma kada ka je majalisa. Abokan shayi za su ce ai namiji ba ya ɗaukar wannan, su zuga ka, gobe kana zagayen malamai suna can suna kallon ƙwallo. Je wajen babba. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a kawo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Kodayake ni ban cika son a riƙa kwasar maganar ɗaki ana kai wa dangi ba, sau da yawa su ke hura wutar. To, ka zaɓi wanda ya iya riƙe bakinsa.

Ka yi haƙuri. Amma ba irin nawa ba, na haɗiya ana tarawa. Wata shida ina jin zafin maganganunta ban taɓa zaunar da ita cikin sanyin rai na ce abu kaza yana ɓata mini rai ba, ina ganin hakan zubar da girma ne. Na tara, na tara, na juye mata duka a kan kananzir. Hukumar Hisbah ta Kano ta aurar da zawarawa 100 a 2012, a 2023 gwamnati ta ɗaura auren mutum 1,800 da matansu. Duk lokacin da na ji irin wannan a rediyo, tambayar da nake yi ita ce nawa ne cikin matan nan irin takardata ta fito da su.

In kuma ka riga ka yi ɓarnar, ka ce ni na yi. Kada ka ce shaiɗan, kada ka ce ƙaddara da nufin wanke kanka. Sai da na kai shekara 50 kafin na iya aika wa uwar 'yata da neman gafara ta bakin yayanta. Ta ce ta yafe tuntuni.

Yaron ya kwana a zaurena, yana ta huci, har da cewa na shiga abin da ba ruwana. Ban tanka ba. Bayan sallar asuba na ba shi labarin nan, wanda ko mahaifinsa bai san rabinsa ba. Na miƙa masa wayar, ya karanta abin da ya rubuta da dare, ya goge. Ya ce, "Amma Baffa, ita ma fa sai an yi mata magana." Na ce za a yi, ya bari in sa hula.