Kafin ka yanka wa iyali tikiti da maki a ƙurarren lokaci

Ƙannena masu tara makin kamfanonin jiragen sama, wato makin da ake ba fasinja in ya yi tafiya har ya yanki tikiti da shi, akwai ranar da za a kira ku a ce an yi rasuwa, ko asibiti a Alƙahira ya ba da rana nan da kwana biyar, ko bizar Umara ta fito ana saura mako guda a tashi. Mutum ya buɗe asusunsa, ya ga maki dubu ɗari biyu, hankalinsa ya kwanta, yana ganin tikitin mutum biyar ya samu ke nan. Kurakuran da zan ambata kusan duk na taɓa yin su, wani ma har sau biyu, kuma kowanne sai da ya ci kuɗi ko ya ci maki. Tushensu ɗaya ne: fara lissafi daga maki, alhali daga kujera ake farawa.

Kamfani yana kasa kujerun jirginsa rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa da farashinsa. Kujerun da ake bayarwa da maki rukuni ne mai zaman kansa. A kamfanonin ƙawancen Star Alliance, irin su Ethiopian da EgyptAir da Turkish, harafin X ne na ikonomi, I na bizines. Jirgi yana iya zama rabinsa babu kowa amma rukunin X a rufe, don kamfanin yana sa ran sayar da kujerun da tsabar kuɗi. Lokaci biyu aka fi sakin irin waɗannan kujeru. Na farko shi ne sa'ad da aka buɗe jadawali, kusan shekara guda kafin tafiya. British Airways tana buɗewa kwana 355 kafin ranar tashi. Na biyu shi ne makonni biyun ƙarshe, idan kamfani ya ga jirgin ba zai cika ba. Mai gaggawa na biyun yake farauta. Matsalar ita ce a wannan lokaci ɗaiɗai da bibbiyu ake saki, ba a cika sakin biyar a tare ba. A goman ƙarshe na azumi kuwa zuwa Jidda ko Madina, ko ƙarshen Disamba, ko hutun makarantu na Yuli da Agusta, kada ma ka ɗora rai, jiragen cike suke da masu biyan kuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta mutum biyar a wurin nema, manhaja ta ce babu, mutum ya haƙura. Manhajar ba ta cewa akwai uku, sai dai ta ce babu biyar. Ka fara da mutum ɗaya. In ya fito, ka koma biyu, sannan uku, har ka kai inda ya daina fitowa. A nan ka san ainihin yawan kujerun da ke akwai. Ka nemi zuwa daban, dawowa daban, domin in dawowar babu kujera, zuwan ma ba zai bayyana ba. Ka gwada kwana guda kafin ranar da kwana guda bayanta. Ka gwada Kano, ka gwada Abuja, ka gwada Legas. Sannan ka tuna makinka ba a kamfani ɗaya kaɗai yake aiki ba: makin Miles&Smiles na Turkish yana yankar tikitin Ethiopian ko EgyptAir, makin Flying Blue na Air France da KLM yana yankar na Saudia da Kenya Airways saboda duk suna SkyTeam, Avios kuma, wato makin British Airways da Qatar Airways, yana aiki a su biyun da kuma Royal Air Maroc.

To, a ce kujera uku ka samu, ku kuwa biyar ne. A nan ake bukatar natsuwa. Ka yanki ukun da maki, ka sayi biyun da kuɗi a jirgi ɗaya, rana ɗaya. Kafin ka taɓa komai, ka buɗe shafi na biyu ka duba farashin biyun, don kada ka gama da maki ka tarar kuɗin ya fi ƙarfinka. Daga nan ka fara da na makin, shi ne mai saurin ɓacewa. Abin da za ka kiyaye wajen rabon shi ne kowane yaro ya kasance a tikiti ɗaya da babba. In ka ware yara biyu su kaɗai a nasu, na'ura za ta ɗauke su a matsayin yaran da ba su da mai rakiya, ko ta ƙi yanka gaba ɗaya, ko a nemi ƙarin kuɗi da takardu. Akwai wani dalilin kuma: in aka soke jirgin aka sauya wa fasinjoji wani, kowane tikiti daban ake sauya masa, kana iya ganin an tura rabin iyalin ta wata hanya. Uba da yaro ɗaya a gefe, uwa da sauran a gefe, ko an raba ku babu wanda ya rasa babba. Bayan ka gama, ka kira kamfanin su rubuta a kan kowace lambar kama kujera cewa tare kuke da ɗayar. Wannan ba ya haɗe su su zama ɗaya, amma ma'aikacin da ke kanta zai gani. Ka kuma zaɓi wurin zama nan take, kada a bar ɗan shekara huɗu a layi na ashirin uwarsa tana layi na talatin da biyar.

Raba ɗin yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Ko da kuɗi kake saye, in kujera biyu ce ta rage a rukuni mai araha ka nemi biyar, na'ura za ta ɗora duka biyar ɗin a rukunin da ya fi tsada.

Sai batun haɗa maki. Sau da yawa makin yana warwatse, wasu a asusun maigida, wasu a na uwargida, wasu a na yara. Kamfanoni suna da asusun iyali, amma kowanne da ƙa'idarsa. Na Emirates yana ɗaukar mutum takwas, sai dai makin da za a samu bayan an shiga ne ke taruwa a ciki, wanda kowa ya riga ya tara yana nan a asusunsa. Na British Airways mutum bakwai ne, kuma da zarar ka buɗe shi ba ka yanka wa kowa tikiti sai 'yan asusun da wasu ƙalilan da ka rubuta sunansu a wani jeri. Na Flying Blue manya biyu ne da yara shida, wato mai mata biyu sai ya zaɓi wadda zai sa. Duk waɗannan ana tsara su ne tun ana zaune lafiya. Asusun da aka buɗe jiya, aka zuba masa maki yau, aka yanki tikitin gobe da sunan wani, shi ne daidai abin da masu sa ido kan zamba suke nema, kuma in suka daskarar da shi sai an yi kwanaki ana aika takardu.

'Yan'uwa da ke Ingila ko Amurka masu tara maki a katin banki, ku kula da wannan sosai: in maki ya bar banki ya shiga kamfanin jirgi, ba ya dawowa. Wani lokaci kuma shafi yana nuna kujerar da tuni aka sayar, musamman in ta abokin ƙawance ce. Sai ka zo biya ta ce ba ta nan. Kafin ka tura, ka duba kujerar a shafin wani kamfani na ƙawancen, ko ka kira a tabbatar maka, ka kuma tambaya ko za su riƙe maka ita na ɗan lokaci. Makin da aka tura ma wani nan take yake shiga, wani sai ya kwana biyu. Avios ne yake da sauƙi ta nan, don ana juya shi tsakanin British Airways da Qatar ɗaya bisa ɗaya, ya je ya dawo, muddin an haɗa asusun biyu kuma sunan mai asusun da ranar haihuwarsa sun yi daidai. Ka kuma duba ko makin yana raye: Avios yana mutuwa bayan wata 36 babu motsi a asusu, na Emirates da na Turkish kuwa bayan kimanin shekara uku yake ƙarewa ko da kana ta tafiye-tafiye.

Maki ba ya biyan haraji. Akwai kuɗin filin jirgi, akwai harajin gwamnati, akwai kuma ƙarin da kamfani yake ɗorawa da kansa, wanda za ka gani da alamar YQ ko YR. Wannan na ƙarshen shi ne mai nauyi, wani lokaci ɗaruruwan daloli ne kan kowane mutum, sai ka ninka sau biyar. Lissafin ba shi da wuya. Misali, a ce tikitin kuɗi dala 900 ne, na maki kuma maki dubu 60 da harajin dala 350. Abin da makin ya rage maka dala 550 ne. In da za ka jira wata tafiyar da dubu 60 ɗin zai rage maka dala dubu ɗaya, ka yi tunani. Amma gaskiya a ƙurarren lokaci ne maki ya fi daraja, domin farashin kuɗi yana tashi sama, na maki kuwa a kamfanonin da ke da tsayayyen jadawalin farashin maki yana nan inda yake. Wasu kamfanonin farashin makinsu ma hawa yake da cunkoso, har ka ga ya ninka. In ka ga haka, ka bar shi. Masu tasowa daga Landan su sani harajin fasinja na Ingila ba ya hawa kan yaron da bai kai shekara 16 ba in a ikonomi yake, don haka a rubuta shekarun yaro daidai. Katin da za ka biya harajin da shi kuma ka gwada shi tukuna. Katin naira yana da iyakar abin da yake biya a waje, kuma in biyan ya faɗi, kujerar ba lallai ta koma rukunin maki ba.

Yaron da ya cika shekara biyu kujera guda yake ci, kuma a yawancin kamfanoni makin babba ake caje shi. Flying Blue ce take rage kashi 25 cikin ɗari ga 'yan shekara biyu zuwa sha ɗaya. Jariri ɗan goye ba ya cin kujera amma dole a yanka masa tikiti. British Airways kashi goma na Avios da kashi goma na haraji take karɓa. Wasu kuwa kashi goma na farashin kuɗi na ranar suke karɓa, wanda a bizines ba ƙaramin abu ba ne. Kowane babba jariri ɗaya yake riƙewa, mai 'yan biyu sai da mai taya ta. In yaron zai cika shekara biyu kafin dawowa, ka faɗa musu tun wajen yanka. Mai juna biyu da ta haura mako 28 ta riƙe takardar likita.

Suna kuma, ka kwafe shi daga fasfo harafi bayan harafi. Mu ne masu Muhammad da Mohammed da Muhammadu, Aisha da Aishatu, kuma a gida ɗaya sai ka tarar kowane fasfo da irin rubutunsa. Gyaran suna a tikitin maki, musamman wanda kamfani ɗaya ya yanka a jirgin wani, yakan kai ga sokewa a sake yanka, kujerar kuwa ba ta jira. Fasfon yara ya fi saurin ƙarewa ba a lura ba, kuma ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida. Ka duba katin rigakafin shawara. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta riƙe takardar amincewar uba.

Hanyar da makin ya fitar maka ita ma abin dubawa ce. Mai fasfon Najeriya ko Gana yana bukatar bizar yada zango a filayen jiragen ƙasashen Schengen, irin su Faris da Amsterdam da Frankfurt, ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana da irin bizar da ta ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada. Landan ma tana da tata. A kwana biyar da wuya a samu wannan biza. Ta Doha ko Addis Ababa ko Istanbul ya fi kwanciyar hankali ga wanda ba zai fita daga filin ba.

Masu tallar maki a WhatsApp da araha, ka rabu da su. Sayar da maki ya saɓa ƙa'idar kamfanoni, wani makin ma na sata ne, kuma a kanta ake gano an soke tikitin, ga yara ga kaya.

In daga Abuja ko Legas kujerar ta fito, jirgin gida da zai kai ku tikiti ne daban, kuma in ya makara babban jirgin ba ruwansa. A lokacin hazo, Disamba da Janairu, ku tafi tun ana gobe ku kwana. Wanda ya rasa zangon farko na babban tikitin, na'ura tana soke masa duk sauran har da dawowa. In tafiyar ta fasa, ka soke da wuri; a British Airways sai kafin awa 24 na ƙarshe ake mayar da Avios bayan an cire ɗan kuɗi.

Bayan biya za a ba ka lamba mai haruffa shida. Wannan shaidar kama kujera ce kawai. Tikiti shi ne lamba mai alƙaluma 13, kowane fasinja da tasa har jariri, kuma ukun farko suna nuna kamfanin da ya yanka: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar, 235 Turkish, 125 British Airways. In jirgin abokin ƙawance za ku hau, shi ma yana da tasa lambar mai haruffa shida. Ka nemi a ba ka ita, ka shiga shafinsa ka ga sunan kowa da lambarsa ta 13 da yawan kilon kayansa. In awa biyu ta wuce wani bai samu tasa ba, ka kira kamfanin da ya karɓi makin, shi ne mai alhakin gyarawa, ba wanda za ku hau jirginsa ba.