Shekarar da na tumɓuke sabarar gonarmu

Da gonar jigawarmu ta gefen Argungu ta dawo hannuna bayan rasuwar Baba, abin da ya fara tsone mini ido shi ne sabara. Kowace bazara a sassabe ta, kowace damina ta dawo. Na ce wannan wahala ta isa. Na ɗauko 'yan ƙwadago, kwana huɗu suna haƙe kututture har saiwa don tarakta ta samu hanya. Kawuna ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, mahaifinka sara yake yi, ba ya tonowa." Na ce, "Kawu, ai zamani ya canza." Bai ƙara cewa uffan ba.

Ruwan shuka ya sauka, gero ya fito. Ko tsawon yatsa bai kai ba, iskar nan ta gabas mai riga hadari ta taso. Washegari na tarar rairayi ya binne rabin gona, sauran kuma ganyen ya yi ja kamar an babbake shi. Na leƙa gonar Kawu. Kowane gindin sabara ya tara ɗan tudun ƙasa mai duhu, cuɗe da ruɓaɓɓen ganye, geronsa na tsaye a bayansa. Sau uku na yi shuka a shekarar.

Ɗan yayata mai karatun gandun daji ne ya zaunar da ni daga baya. Ya tsinko ganye, ya juya bayansa, ya nuna mini ɗige-ɗigen baƙi da ban taɓa lura da su ba, ni da na tashi ina shan ruwan sabara in tari ya kama ni. Ya ce sunanta a wurin masana Guiera senegalensis, tun 1791 aka raɗa mata shi. Danginta Combretaceae, wato gidansu ɗaya da geza da marke, amma a jinsin Guiera ita kaɗai ce, ba wa ba ƙane. Ana samunta tun daga Senegal da Muritaniya, ta ratsa Mali da Nijar da arewacin ƙasar nan da Chadi har Sudan. Wani bincike a Senegal ma ya nuna saiwarta na jawo ruwa daga can ƙasa da dare, geron da ke kusa ya samu rabonsa.

Sai na tambaye shi ko tana cikin tsirran da ake tsoron su ƙare. Ya ce a'a, ƙungiyar IUCN, mai kula da kare tsirrai da dabbobi ta duniya, ta sa ta a sahun waɗanda ba a fargabar ɓacewarsu. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A lissafin duniya tana nan birjik, a gonata ko ta magani babu.

Mayar da ita ya fi cire ta wuya nesa ba kusa ba. Irin da na shuka kaɗan ya tsira, awaki suka ƙarasa shi. Abin da ya cece ni ragwancin 'yan ƙwadagon nan ne: wasu kututturan sun sare su sama-sama suka rufe da ƙasa, suka karɓi kuɗinsu. Su ne suka yi toho, guda goma sha ɗaya. Yanzu kafin shuka nakan rage rassan, in bar biyu ko uku masu ƙarfi, ganyen in baza shi nan gindin. Tarakta kuwa sai dai ta kewaye, direban yana ta mita.

Bara Kawu ya biyo ta gonar, ya tsinki ganye ya cika aljihu, wai jikarsa ke tari.