Rigar ruwan da ta hau mini wuya, da wadda na saya bayanta

Na tashi a Yauri, a bakin kogin Neja, kuma tun ina yaro nake iyo, saboda haka ranar da wani abokin aikina ya ja ni tafkin Jabi a Abuja domin mu hau babur ɗin ruwa, kallon ƙa'idar masu haya kawai na yi wa rigar hana nutsewar da aka miƙo mini. Na zura ta, na ja zif, ban ko taɓa maɗauranta ba. Da na zo yin kwana da gudu sai babur ya watsar da ni, kuma ina faɗawa ruwa rigar ta yi sama ta bar ni a ƙasa, kafaɗunta suka tokare mini kunnuwa, gabanta ya rufe mini baki, har sai da na sa hannu biyu na danne ta kafin na samu na shaƙi iska. Laifin nawa ne, domin rigar ta yi mini yawa kuma ban ɗaure ta ba. Tun daga ranar na ƙudura cewa zan mallaki tawa.

Abin da na fara koya shi ne cewa rigar babban mutum da awon ƙirji ake zaɓenta, nauyin jiki kuwa a rigar yara ake dubawa. Na karɓi tef wurin telana na auna inda ƙirjina ya fi faɗi, sanye da irin rigar da zan shiga ruwa da ita. Rigunan da ake ɗinka wa maza sun fi tsawo da faɗin kafaɗa, amma akwai matsalar da yawancinmu da muka haura shekara arba'in muke fama da ita, wato tumbi. Idan ciki ya fi ƙirji girma, rigar ba ta samun inda za ta kama, sai ruwa ya tura ta sama kamar yadda ya yi mini. Maganinsa riga mai maɗauri uku ko huɗu, wadda na ƙasanta yake zama a ƙarƙashin haƙarƙari, ko kuma wadda take da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Ana fara ɗaurewa daga ƙasa a yi sama, sannan mutum ya ɗaga hannuwa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja da ƙarfi. Idan ta kai haɓa ko kunne, ba taka ba ce, komai kyawunta.

Sai maganar lambobin da ake bugawa a cikin rigar. Ƙa'idar duniya ta ISO 12402 ta kasa rigunan gida huɗu gwargwadon ƙarfin da suke ɗaga mutum da shi: 50N, 100N, 150N da 275N. Harafin N na nufin newton, wato ma'aunin ƙarfi, kowane 10N kamar ɗaukar kilo ɗaya ne, kuma da farko na raina lambar 50, na ce ina kilo biyar zai kai mai kilo casa'in, sai daga baya na gane cewa ruwa da kansa yake ɗauke kusan dukan nauyin jiki, ɗan abin da ya rage ne rigar take cikewa. Mai 50N ta wanda ya iya iyo ce kuma yake kusa da gaɓa ko kusa da masu ceto, ita ce ta masu babur ɗin ruwa da masu tuƙa ƙaramin kwalekwale, sai dai ba ta juya wanda ya suma ya koma rigingine. Mai 100N tana da abin wuya da ke tallafe kai, ta dace da ruwa mai kwanciya. Mai 150N an yi ta ne domin ta juya sumamme fuskarsa ta kalli sama, mai 275N kuwa ta masu aiki a tsakiyar teku ce da kaya masu nauyi a jiki.

Na daɗe ina sha'awar irin rigar nan siririya da ake ratayawa a wuya, wadda ƙaramar kwalbar iskar gas take hura ta idan an ja igiya ko idan ta jiƙe. Ba ta da zafi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu, kuma ta dace da mai kamun kifi da ƙugiya ko mai zama cikin jirgi. Amma ga wasan da ake faɗawa ruwa da gudu ba ta dace ba, domin mai jan igiya tana buƙatar mutum yana cikin hayyacinsa, mai hura kanta kuwa duk faɗuwa sai an sake mata kwalba. Rigar da aka cika da soso kuwa ba ta jiran komai, kuma tana rage zafin dukan da ruwa yake yi wa haƙarƙari. Mai tuƙi da filafili kuma sai ya nemi gajera mai buɗaɗɗiyar hammata, don kada ta goge masa fata.

A kasuwa na ga na gwanjo masu arha, wasu sosonsu ya taurare ko ya lotse saboda rana da shekaru, wasu kuma rubutun cikinsu ya goge ta yadda ba a sanin ƙarfinsu. Akwai kuma wasu matsattsu masu kyan gani da aka yi domin kare ƙirji kawai, waɗanda ba su da shaidar hana nutsewa. Duk wadda ban iya karanta lambarta ba, na mayar wa mai ita.

Mu mazan bakin kogi muna da girman kai game da ruwa, har ana yi wa mai sa rigar kallon matsoraci. Amma kwalekwalen da ya kife a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da wanda ya kife da 'yan biki a yankin Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum ɗari suka rasu, a ruwan da muka saba da shi ne suka kife. Iya iyo ba ya amfanar wanda katako ya buga wa kai, kuma namiji mai murɗaɗɗen jiki marar kitse ya fi mai teɓa saurin yin ƙasa. Shi ya sa ba na ganin takura a matsin da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, take yi cewa kowa ya sa riga kafin ya shiga jirgi.

A ƙarshe mai soso na saya, 50N, launin ruwan lemo domin a hango ni daga nesa, mai maɗauri huɗu, na kuma ɗaura mata usur. Kafin na koma kan babur sai da na shiga da ita inda ruwa ya kai mini ƙirji, na ɗage ƙafafuna na saki jiki, haɓata ta tsaya a sama, rigar ba ta motsa ba. Idan na dawo nakan ɗauraye ta in shanya a inuwa, kuma na hana yara mayar da ita matashin zama, domin danna soso yana rage masa ƙarfi. Zuwa gida da babbar sallah, idan za mu tsallaka kogi da kwalekwale, sai na nemi mai 100N, domin da kaftani da babbar riga nake shiga.