Maki 50 da cibiyar lesin ta bar wa ƙanwata a ƙasa

Jarrabawar Fiziks ta WAEC takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, ta biyu ta rubutu, ta uku kuma firaktikal: tambayoyi uku, ɗalibi ya amsa biyu cikin awa 2 da minti 45, a kan maki 50. Autarmu ta shafe kusan duk ajin SS3 tana zuwa wata cibiyar lesin a nan Tudun Wada, Umma na cire kuɗin wata-wata daga cinikin ɗinkinta, amma sai a watan Maris na gano ba su taɓa zana giraf ba. Ko sau ɗaya.

Hadda kam ba a magana. Dokokin Newton guda uku, dokar Ohm, dokar Hooke, tana rera su kamar yadda 'yan firamare ke rera biyu sau biyu. Ka ce mata mota na gudun kilomita 72 a awa, kafin ka rufe baki ta raba da 3.6 ta ce maka mita 20 a daƙiƙa. Wannan ɓangaren bai ba mu wahala ba, tambayoyin shekarun baya kawai muka bi. Da na miƙa mata takardar giraf da lambobi biyar ne ta tsaya tana juya fensir, can ta ce, "Yaya, daga ina ake farawa?"

Washegari na je wurin mai lesin. Na ce, "Malam, ina batun firaktikal?" Ya yi murmushi ya ce in kwantar da hankalina, in lokaci ya matso za a san kayan da za su fito, su ba yara lambobi su haddace. Gaskiya ne ana sanar da makarantu kayan da za su tanada kafin ranar. Amma sanin cewa za a ajiye zare da ƙwallon ƙarfe bai gaya maka tsawon da za a ce ka auna ba, bai gaya maka abin da za a ce ka ɗora a kowane gefen giraf ba. Kuma ko an ba yarinya lambobin a tafin hannu, wa zai zaɓa mata sikeli? Wa zai ja mata layi? Makin takardar nan a warwatse yake: wani a teburin awo, wani a rubuta sunan kowane gefe da ma'auninsa, wani a sikeli, wani a ɗigo, wani a layi, wani a lissafin gangarensa, wani a matakan kiyayewa. Yawancinsu hannu ne ke cin su, ba ƙwaƙwalwa ba, kuma hannun da bai saba ba ba ya koyo a ɗakin jarrabawa.

A gida muka haɗa namu lilon gwajin. Ƙusa a saman ƙofar falo, zaren ɗinkin Umma, ƙaramin kwaɗon kulle ƙofa a ƙasa, tef ɗinta na awo, sai agogon waya. Ana cewa a kashe fanka don kada iska ta taɓa lilon. Mu ba mu sha wannan wahalar ba, wuta ma babu, ga zafin Afrilu. Muna auna tsawo daga ƙusa zuwa tsakiyar kwaɗon, mu ja shi gefe kaɗan, mu saki, ta ƙirga zuwa da dawowa 20. A santimita 100 agogo ya tsaya kusa da daƙiƙa 40, wato lilo ɗaya daƙiƙa 2 ke nan. A santimita 40 ya ba da 25 da 'yan kai. Da farko tana cewa "ɗaya" a daidai lokacin da ta saki, sai ƙirgen ya zama 19 ba ta sani ba. Na ce ta fara da "sifili". Wannan ɗan abu kaɗai ya daidaita teburin gaba ɗaya.

Ga inda har yanzu nake dariya ina jin haushi. Ta zana T² a tsaye (T shi ne lokacin lilo ɗaya), tsawo a kwance, layi ya fito tsaf, gangarensa wajen 0.04. Fomula tana kanta: g, wato ma'aunin jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, daidai yake da 4π² a raba da gangare. Ta danna kalkuleta, ta rubuta 980 da 'yan kai, ta manna masa mita a daƙiƙa sau daƙiƙa, ta ja layi biyu a ƙasa. Na ce, "Auta, nawa ne g?" Ta ce, "9.8, ko 10 in takarda ta ce a ɗauka haka." Na ce, "To wannan fa?" Ta kalli littafin, ta kalle ni. A kanta 9.8 na lesin daban, abin da kwaɗon ƙofarmu ya ba da daban, ba ta taɓa tunanin abu guda ba ne. Santimita ta auna, amsa ta fito da santimita, ta sa mata rigar mita. Na ce da a ce ƙasa na janmu da ƙarfin da ta rubuta, da nauyinta ya ninka sau ɗari, ko ɗaga ƙafa ba za ta iya ba. Shekara guda ana karɓar kuɗin Umma, ba wanda ya koya mata ta dubi amsa ta tambayi kanta ko tana yiwuwa a duniya.

Sikeli shi ya fi cin lokacinmu. In kana da ƙane ko ɗa a SS3, ka zauna da shi a kan wannan. Ɗigo su mamaye aƙalla rabin takarda ta kowane gefe. Kowane babban gida ya wakilci 1, 2, 5 ko 10. Ya guji 3 da 7, don zai ƙare yana lissafin ƙananan gidaje har lokaci ya tafi. Fensir mai tsini, rula mai gani-garau. Layi ba dole ya taɓa kowane ɗigo ba, ya ratsa tsakaninsu ne, wasu sama wasu ƙasa. Wajen fitar da gangare ya zana babbar alwatika a kan layin, kada ya ɗebo lambobi biyu daga tebur. A teburin kuma, in ya fara rubuta 40.10, kada na ƙasa ya zama 36 tsirara. Matakan kiyayewa ya rubuta su a matsayin abin da ya yi da kansa: ya kalli rula kai tsaye ba ta gefe ba, ya duba allurar mita ko tana kan sifili kafin ya fara, ya cire makunni bayan kowane awo don kada waya ta yi zafi batir ya mutu.

Firaktikal na lantarki da na haske ba su yiwu a falo ba. Wani abokina tun muna Kadpoly, wanda ke kula da lab a wata sakandare ta wajen Kawo, ya buɗe mana wata Asabar. A can ta fara riƙe amita da boltimita, mitocin auna lantarki, a hannu. Ta san a baki cewa amita a jere ake haɗa ta, boltimita kuma a ƙetare, amma da wayoyi suka zo gabanta sai ta juya su. Tubalin gilashi da allurai ya fi mata sauƙi, ta samu 1.5 ko kusa da shi, wato ma'aunin yadda gilashi ke karkatar da haske, ta yi ta murna har muka hau Keke. Ranar jarrabawa na makanikanci, wato irin na lilon nan, da na haske ta zaɓa, ta bar lantarki, ni ma abin da na ce ta yi ke nan.

Sakamako ya fito a watan Agusta, B3 a Fiziks. Alhamdu lillahi. Ƙawayenta biyu da suka jira lambobin Malam ban tambayi abin da suka samu ba, iyayensu ma ba su faɗa ba. Bayan mako guda wata maƙwabciya ta turo wa Umma hoto: cibiyar lesin ta buga babban kyalle a bakin titi, ga sunan Auta a layi na biyu, an rubuta B3 da jan fenti. Na ɗauki makullin babur. Umma ta ce, "Ina za ka?" Na ce zan je mu yi magana da Malam ne kawai. Ta ce, "Ajiye makullin nan, ka zo ka cire mini ƙusarka daga ƙofa, ta yaga mini labule."